Saƙon Yaya Hassu ga Shugaban Ƙasa

An daɗe da yin wannan tafiya, amma har yau mutanen majalisarmu ta ƙofar masallaci ba su bar ni na huta ba. In an idar da la'asar sai wani ya matso ya ce, "Alhaji, wai da gaske sojoji sun tsare ka a Nijar?" Na ba da labarin ya fi a ƙirga, kuma na lura yana ƙara tsawo a bakin mutane, har na ji wani yana rantsuwa cewa kwana uku na yi a ɗaure. Shi ya sa na ce bari na rubuta shi yadda ya faru.

Ni haifaffen Babura ne, a Kazaure na yi zama. Sana'ata sayen fata, ita ta kai ni Kumasi da Abijan da Dakar da Injamena, har Kartum. A hanya na tsinci Faransanci da Larabci da ɗan Turanci, Fillanci kuwa tun a gida na ji shi wajen kakata. A duk wannan yawon ban taɓa sa Damagaram a lissafin ƙasashen waje ba. Can yayata Hassu take aure tun ina yaro. A da, in an yi haihuwa a gidanta, mota guda muke cikawa daga Babura, mu ci naman suna, mu kwana, mu dawo. A kan iyaka hannu kawai ake ɗagawa. Wani lokaci ma'aikacin ma ya ba ka saƙo ka kai wa surukinsa a Magarya.

Sai shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ƙasashen yankinmu suka taru suka ce ba su yarda ba, kuma shugabanmu ne ke jagorantar taron a lokacin, bai ma daɗe da hawa ba. Aka rufe iyaka. Aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa can daga wajenmu. Aka fara maganar yaƙi a rediyo safe da yamma.

A cikin wannan hali Isuhu, ɗan Yaya Hassu, ya kira ni. Tela ne, magidanci, yana da 'ya'ya biyar, kuma a da in ya kira sai ya gaishe ni har na gaji. Ran nan gaisuwa biyu ya yi ya ce, "Kawu, allurar Inna ta ƙare. Mun zaga farmasi duk babu. Wadda ta rage ma ta lalace, tunda ba kuran."

Farmasi shi ne kemis a bakinsu, kuran kuma wutar lantarki. Yaya tana da ciwon sukari shekara da shekaru, kullum sai an yi mata allura, kuma maganin ba ya son zafi. Na ce, "Yaya jikin nata?" Ya ce, "Tana ta shan ruwa, ba ta gane mutane sosai da rana." Ya kashe wayar bai ce a gaida gida ba.

Washegari na sami kwalba shida a Kazaure, 'yan ƙanana kamar ɗan yatsa. Wata nas da na sani ta naɗe mini su a tsumma, ta sa a ƙaramar kula, ta jera ƙanƙara a gefe. Ta ce, "Baba, kada rana ta buge shi. Wannan irin garau yake kamar ruwa. Duk kwalbar da ka ga ta yi fari-fari kamar an ɗiga nono, a zubar, kada a yi mata da ita." Tun daga wannan lokaci hankalina bai sake barin kular nan ba.

A motar Babura ba a yi wata hira ba sai ta yaƙi. Wani mai sayar da taki da ke gaba ya ce Turawa ne suka kira shugabanmu a waya suka ce ya yi, shi kuwa ba shi da ta cewa tunda wajensu ake neman rance. Direba ya ce a'a, tsoro ne, ya ga sojoji sun kifar da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, yana gudun kada abin ya zo kansa. Suka yi ta musu, kowa kamar yana ɗakin da aka yi shawarar. Wata tsohuwa da ke kusa da ni, da kaza a cinyarta, ta ce, "Ku dai ku yi ta magana. In an harbo, a kan wa zai sauka? Su suna Abuja, mu ne a bakin ƙofa."

Ni ban sa baki ba, don ina da abin da ke damuna. Na zaɓi shugaban nan. Na yi layi a rana, na dangwala masa, har na ja wasu suka dangwala. Da muka zaɓe shi maganar taki muke yi da hanya da tsaro. Ba wanda ya tambaye shi me zai yi in manyan ƙasashen duniya suka fara ja-in-ja a kan maƙwabcinmu, don ba wanda ya zaci za a kai nan.

Babura na same ta wani iri. Manyan motoci sun yi layi a gefen titi, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashi, wasu har sun kafa murhu. Kara, wato kasuwar dabbobi, rabinta fili. Masu canjin sefa suna zaune suna korar ƙuda. Na nemi Buba, wani Bafillace da na sani tun yana kiwo, shanunsa suka ƙare ya koma haya da babur. Mutum ne mai furfura a gemu, ba ya son yawan magana. Na gaishe shi da Fillanci, na gaya masa abin da ke cikin kula.

Ya ce, "Alhaji, ta titi ba a wucewa. Sai ta burtali."

Na ce, "Ka san shi?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Shekara ashirin ina bin sa da ƙafa. Ka dai riƙe kayanka, ni zan riƙe babur."

Damina ce, gero ya fi mutum tsayi, burtalin duk taɓo. Na hau jirgin ruwa a tekun Maliya, na hau bayan akori-kura daga Injamena zuwa Abeshe, amma ban taɓa jin tsufa a ƙashina ba kamar a bayan babur ɗin Buba. A wata fadama tayar gaba ta nutse, muka kife gaba ɗaya. Na tashi zaune cikin ruwa har ƙirji, hannuwana biyu a sama riƙe da kula, hulata tana tafiya a kan ruwa. Buba ya bi ta ya kamo, ya matse, ya ɗora mini a ka da kansa tunda hannuna ba dama. Ya ce, "Wallahi Alhaji ko jariri ba a riƙe shi haka." Na ce masa ya tada babur.

Ban san lokacin da muka tsallaka iyaka ba. Gonar gero ce a dama, gonar gero a hagu. Sai da na ga wata makaranta da rubutun Faransanci a bango na gane mun shiga.

Da muka hau titi a gaban garin Tinkim, sai ga shinge. Sojoji biyar ne, da mota guda a gindin wata bishiyar darbejiya. Babbansu saje ne, dogo, da zanen Damagarawa a fuska. Buba ya nuna takardarsa ta can, don shi yana da ta ko'ina. Sajen ya miƙo mini hannu ya ce, "Tsoho, kart." Wato katin shaida.

A nan na yi kuskuren farko. Fasfo ɗina yana cikin akwati a Kazaure, ban ko tuna da shi ba, don ban taɓa ɗaukarsa zuwa Damagaram ba. Na zaro abin da muke nunawa ko'ina a gida, a banki ko a asibiti, wato katin zaɓe.

Ya juya shi gaba da baya. Ya ce, "Wannan na mene ne?"

Na ce, "Katin zaɓe ne, ranka ya daɗe. Ga hotona, ga sunana."

Ya juya wajen abokansa ya ɗaga katin sama. "Ku zo ku gani. Yau ga ɗaya daga cikin masu zaɓen ya kawo kansa." Suka taso suna dariya, amma ba irin dariyar da ke kwantar da hankali ba. Ya ce, "To Baba, gaya mini gaskiya. Wanda ya ɗauke mana kuran, yake cewa zai turo mana soja, kai ka zaɓe shi?"

Buba ya taka mini ƙafa. Na san abin da yake nufi. Amma na haura saba'in, ga furfura, ga hula jiƙaƙƙiya, ban ga yadda zan yi ƙarya a gaban sa'an ɗan cikina ba. Na ce, "Na zaɓe shi. Amma ba don wannan ba."

"Don me?"

"Don taki."

Wani daga cikinsu ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Sajen bai yi ba. Ya ce a buɗe kula. Ya ciro kwalba biyu, ya ɗaga su a rana yana karanta rubutun, sannan ya ajiye su a kan murfin motarsu. A ruɗe na yi kuskure na biyu: na shiga yi masa bayani da Faransanci, irin mai kyau da na koya a Abijan, ina zaton zai ga mutuncina.

Ya ɗago kai a hankali. "A'a. Har Faransanci ka iya? Ɗan Najeriya, ta burtali, da yaren mutanen da muke kora?" Ya nuna mini wani dutse a gefen titi. "Zauna can. Sai na kira Magarya."

Waya ta ƙi shiga, don turakun sadarwa ma wuta suke so. Na zauna a kan dutsen nan, kula a ƙarƙashin babbar rigata, ina jin ƙanƙara tana zama ruwa, duk motsin da na yi sai na ji ƙululu. Kwalabe biyun suna can a kan ƙarfe, inuwar darbejiya tana janyewa daga kansu. Sau biyu na ce, "Ranka ya daɗe, maganin can," sau biyu ya ce mini yana sane. Na ga juyin mulki a Ghana ina saurayi, na ga wani a Sudan, kuma a duk biyun na koyi cewa soja a shinge ba ya son a maimaita masa magana sau uku. Na koma ina ta salati, ina ganin fuskar Yaya.

Azahar ce ta cece ni. Suka yi alwala da ruwan jarka, suka tsaya suna duban juna, kowa yana tura ɗan'uwansa gaba. Sajen ya waiwayo ya ce, "Baba, zo ka ja mu. Kai ne babba."

Na ce, "Ni matafiyi ne, raka'a biyu zan yi, sai ku cika."

Ya ce, "Wa ya ce maka matafiyi ne kai? Tsararre ne. Yi huɗu."

Na yi huɗu. Ban taɓa yin sallar da hankalina ya rabu biyu kamar wannan ba, Allah ya yafe mini. Da muka sallame, sajen ya zauna jim kaɗan yana jan carbi, sannan ya tashi ya ɗauko kwalaben ya sa mini a hannu. Sun yi ɗumi kamar ƙwai daga ƙarƙashin kaza. Ya miƙo mini katin ya ce, "Ba zan bi mutum salla in kuma tsare shi ba. Je ka. Amma wannan katin ka ɓoye shi, kada ka sake nuna wa kowa a ƙasar nan."

Buba ya sauke ni a Magarya ya juya, don ya isa gida da sauran rana. Na sauka a gidan Alhaji Mato, tsohon abokin cinikina, wanda muka yi shekaru muna haɗa fatun awaki. Kafin ma mu gama gaisawa na ce masa ƙanƙara. Ya kai ni wajen mai sayar da ita a bakin kasuwa, muka tarar da firji uku a buɗe, ya juya ɗaya yana ajiye albasa a ciki. Uwargidan Mato ce ta yi dabara. Ta sa kwalaben a wani ɗan tulu sabo, ta zaunar da shi cikin kwano mai jiƙaƙƙen yashi, ta lulluɓe da buhu mai laima, ta ajiye a zaure inda iska ke ratsawa. Ta ce, "Kafin firji da me muke shan ruwan sanyi?"

Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, da kwaɗon zogale da suke ce wa kwabto, sannan shayi da cuku. Mu a nan shayi da burodi muka sani, su kuwa sai su tsoma busasshen cuku a ciki har ya yi laushi. Ina son sa ƙwarai, amma ran nan ban ji ɗanɗanonsa ba. Bayan magariba muna zaune a ƙofar gida Mato ya ce, "Ɗanlami, kai da ka yi yawo, gaya mini. Naku zaɓaɓɓe ne, namu da bindiga ya hau. Me ya sa naku ne ke jin maganar waje?"

Na ce masa abin da na gani. Lokacin da muke samari duniya gida biyu ce, shugaba ya zaɓi ɗaya ya fake, shi ke nan. Daga baya ta koma gida ɗaya, kowa ya san in kana son rance da mutunci sai ka yi zaɓe. Yanzu kuwa gidajen sun yi yawa, kowanne yana kira, wannan da kuɗi, wancan da makami, wani da jirgi marar matuƙi. Shugaban da aka zaɓa yana da mutane biyu da zai amsa wa, waɗanda suka yi masa layi da waɗanda ke kiransa a waya, kuma na wayar sun fi kusa da kunnensa. Na ce, "Amma naku ma kada ka ɗauka ba mai kiransa. Lambar ce kawai ta canja."

Mato ya duba hagu da dama ya ce, "Rage murya. Wannan maganar a nan ba a yin ta a ƙofar gida."

Wannan ya tsaya mini a rai. A motar Babura an zagi shugabanmu tun daga tasha har tasha, direba ma yana tayawa, ba wanda ya waiwaya.

Da safe na shiga motar Damagaram da tulu a cinya, mutane suna ta kallona, wata mata har ta tambaye ni ko rubutu ne na sha. Na isa kafin azahar. Shagon Isuhu yana kan hanyar gidan, don haka na fara tsayawa can. Na tarar da shi a kan keken ƙafa, don na wuta ya zama kwalliya, samari sun cika ƙofa suna jira. A kan tebur ga yadi uku a shimfiɗe, fari da shuɗi da ja, ya yanka su dogaye.

A nan na yi kuskure na uku, kuma shi ya fi muni. Na san waɗannan launuka, na gan su a kan kowane ofis a Abijan da Dakar. Ina son na sassauta fuskar Isuhu da wasa, sai na ce da ƙarfi, "Kai Isuhu, ashe har yanzu tutar Faransa kake ɗinka musu?"

Keken ya tsaya. Samarin nan duk suka juyo. Wani mai jar hula ya ce, "Wane ne wannan?" Isuhu ya miƙe da sauri ya ɗaga wadda ya gama, ya baza ta. Ratsin a kwance suke, ba a tsaye ba. Ya ce, "Ta Rasha ce, Kawu." Ya juya wajensu ya ce, "Ku yi haƙuri, kawuna ne, tsoho ne, daga ƙauye yake." Bai ce daga Najeriya ba. Ya kama hannuna ya fitar da ni kamar mai fitar da akuya daga gona.

A hanya ya ce, "Kawu, so kake a ƙona mini shago?"

Na ce, "Yadin ne ya ruɗe ni."

Ya ce, "Yadin dai shi ne. Ragowar wanda na saya ne tun wata shekara da aka yi baƙi daga Faransa, aka ba mu kwangilar tutoci. Juya shi kawai na yi." Ya so ya yi dariya, ya fasa. "Ina maganin?"

Yaya tana kwance a tsakar ɗaki, ta rame har na ji tsoro, leɓenta a bushe, buta a kusa da kanta. Na yi sallama ta buɗe ido ta kira ni da sunan mahaifinmu. Na fito da kwalaben a bakin ƙofa inda haske yake, na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ta yi fari-fari. Ta biyu ma haka. Isuhu ya ce, "Innalillahi." Ta uku garau. Ta huɗu garau, ta biyar, ta shida. Na zauna a dokin ƙofa na yi hamdala.

Wani ma'aikacin asibiti maƙwabcinsu ya zo ya auna ta ya yi mata. Ya ce da an ƙara kwana biyu da sai dai wani labarin. Kwana na biyu ta tashi zaune. Kwana na uku ta sha fura, ta dube ni sosai ta ce, "Ɗanlami, wa ya wanke maka hular nan? Kamar an tauna."

A ranar na ce mata ta shirya mu koma tare. A Kazaure akwai asibiti kusa, akwai firji a gidan ɗana, kwalba huɗu kuwa ba za su kai ta ko'ina ba. Isuhu ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta ce, "In na bi ka aka ƙi buɗe hanya, na mutu can, wa zai kawo mini waɗannan su gan ni? Ta burtali za a ɗauko jikokina?" Na kawo dalili, ta ture. Na kawo wani, ta ce in bar ta ta ji da ciwon da take da shi.

Can ta ce, "Isuhu ya ce shugabanku ne ya kashe mana wuta."

Na ce, "Haka ne, Yaya. Amma ba shi kaɗai ba ne, ƙasashe ne da yawa, kuma akwai na nesa da ke..."

Ta ɗaga hannu. "Ba ku kuka sa shi ba? Ba haka kuke mana gori ba, wai ku kuke sa naku, ku cire? To in ka koma ka je ka ce masa Hassu 'yar Malam Idi ta Babura ta ce ya kunna. Ka gaya masa a Babura aka binne cibiyata, in bai sani ba."

Isuhu ya ce, "Inna, ai Kawu ba ya ganinsa."

Ta ce, "To mene ne amfanin layin da suka yi?"

Na ce mata zan kai saƙo.

Dawowa ba ta yi wuya ba, Buba ya tare ni a Magarya, kuma ba mu faɗi ba. Saƙon kuwa na kai shi iyakar inda ƙafata ke zuwa. Na je gidan wani ɗan majalisa da ya zo hutun ƙarshen mako, na yi zaman jira tun hantsi, na faɗa masa kalma da kalma, har da cibiyar. Bai yi dariya ba, na ba shi wannan. Ya ce, "Baba, wallahi ni ma a waya na ga labarin rufe iyakar, kamar kowa. Amma muna magana. Sarakuna suna yi, malamai suna yi, mu ma mun ce ba mu yarda da yaƙi ba." Kuma gaskiya ne ba a yi yaƙin ba. Ko maganar mutanen bakin iyaka ce ta kai, ko masu kiran waya ne suka sauya shawara, ni ban sani ba. Na fi son na yarda da ta farko. Bayan wasu watanni aka buɗe iyaka, aka mayar da wuta.

Na kira Yaya na ce mata saƙonta ya isa. Ta ce, "Ya daɗe bai ji ba."

Kwalabe huɗun nan ba su kai lokacin ba. Kafin su ƙare Isuhu ya sami wani direba da ke zuwa Agadas, shi kuma yana karɓo maganin daga masu shigowa da kaya ta Aljeriya. Ya sayi faifan hasken rana da ɗan firji, ya kafa a kan ɗakin uwarsa. Da aka buɗe hanya na kira shi na ce yanzu sai na riƙa aiko da shi duk wata ta mota, kamar da. Ya gaishe ni sosai a wannan karon, har ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Kawu, bar shi kawai. Ba mu san wanda zai kira shugabanku gobe ba."

Yaya tana nan da rai, ina zuwa duba ta da fasfo a aljihu. Amma shekara hamsin duk abin da gidan nan ke buƙata, daga magani har atamfar sallah, daga kudu yake zuwa, ta hannunmu. Yanzu daga arewa yake zuwa, kuma ba su sake neman komai daga wajenmu ba.